Ummi Ta Karanta wa Inna Raƙumi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Mu a Gumel lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Kin tambayi irin littafin da za ki saya wa Sadiƙu. Kin san Ummina da kuka in an ce makaranta, har abin ya fara damuna. Ran nan babanta ya taho mata da ɗan littafin Hausa daga kasuwar Maigatari, kowane shafi babban hoto da jimla guda. Kullum muna dubawa tare. Jiya sai ga ta a cinyar Inna, tana bin rubutu da yatsa: "Ra-ƙu-mi ya sha ruwa."

Inna ta ce, "Ke, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ni na karanta!"

Wallahi Yaya, sai da na yi ƙwalla. Yau ita ta tashe ni, wai kar ta makara.

Ki nemi mai manyan hotuna, rubutu kaɗan, da dabbobin da ya sani.

Ki gaishe min da kowa. Ki sa Ummi a addu'a, Allah Ya ƙara buɗe mata.

Ƙanwarki,
Hadiza