Shayin ki ajiye min sai na farka

Umma,

Na fita kina barci, ki yafe min. Na tafi asibiti, yau za a yi min aikin rage nono. Da na tsaya sallama, da kin sake miƙo min shayi kamar wancan karon, kina cewa kurɓa ɗaya ce. Kurɓar nan ta sa likita ya ɗage aikin, don ba a sa mutum barci da abu a ciki. Kuma kin sani, Umma.

Jiya kin ce ina raina halittar Allah. Wallahi ba kwalliya nake nema ba. Ke kike shafa min magani a kafaɗa, inda igiyar rigar nono ta ci min nama. Bayana kamar an ɗora min dutse, yatsuna mutuwa suke, allura ma faɗuwa take daga hannuna. Ko ruku'u sai na cije leɓe. Na gaji, Umma.

Likita bai ɓoye min komai ba. Tabo zai zauna, kuma wataƙila in na haihu ruwan nono ba zai wadata ba. Na yi kukana, na amince.

Ki kawo min rigar Baba mai maɓalli a gaba, tana kan keken ɗinki, don ba zan iya ɗaga hannu ba. Kada ki aiko kowa, ki zo da kanki. Tsoro nake ji. In na farka, daga hannunki nake so in sha shayin.