Jam ɗin lemon da na saro ya zama "maganin suga" a Bungudu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, ko lambata kada ta fito. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni matar aure ce a Gusau, ina 'yar sana'ata a cikin gida, kayan shayi nake sarowa, su madara da bota da ganyen shayi, in ɗora a status mata su aiko. Maigidana a Tsafe yake aiki, sai ƙarshen mako yake dawowa, kuma ba ruwansa da sitona, ko leƙawa ba ya yi. Bayan ƙaramar sallah mutumin da nake saro kaya a wurinsa ya ce mu haɗa hannu a shigo mana da jam na lemo ta Kwatano, irin wanda ake shafa wa burodi. Da kaya suka iso na duba kwalaben, babu lambar rajistar hukumar kula da abinci a jikinsu. Na yi masa magana ya ce ana kan yi, ni kuma na yarda don dama ina neman abin da zan yarda da shi.

Daga nan wahala ta fara. Duk shagon da na kai wa a Gusau, sai mai shagon ya juya kwalbar ya nemi lamba, ya miƙo mini abina, ya ce ba zai jawo a rufe masa shago ba. Na aika wa masu shayi a tashar Tsafe, suka dawo da shi wai direbobi sun ce ɗaci gare shi. Gaskiya ne, irin mai ɓawon lemo a ciki ne, zaƙinsa na tafe ɗacinsa na biye.

Ina cikin wannan sai goggona, ƙanwar babana, ta zo daga Bungudu. Dillaliya ce, gida-gida take bi da zannuwa da turare, kuma ko ƙasa ka ba ta sai ta sayar. Ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce in ba ta. Ni da bakina na ce mata mutanen ƙauye ba za su iya sayen kwalba guda ba, ta riƙa ɗurawa a ƙananan robobi kamar yadda ake yi wa man shanu. Ban yi tunanin cewa takardar jikin kwalbar, mai hoton burodi da jerin abin da ke ciki, ba za ta bi robar ba. Ba a daɗe ba ta aiko a ƙaro, ta sake aikowa. Ina ta murna, ban taɓa tambayarta me take gaya wa mutane ba.

Makon jiya aka kwantar da ƙanen baban maigidana a asibiti nan Gusau, shi ya riƙe shi tun yana yaro, Baba muke ce masa. Yana da ciwon suga da daɗewa amma yana shan maganinsa lafiya lau. Yanzu ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa, idonsa na dishi-dishi, har likita ya fara maganar idan abin bai lafa ba sai an yanke ƙafar. Na kai abinci, ina gyara kwandon matarsa, Inna, sai na ga roba mai jan murfi a ƙarƙashin zani. Tun kafin in buɗe ƙamshin ya gaya mini. Na tambayi Inna mene ne wannan, ta rage murya don kada nas ta ji.

Ta ce, "Maganin suga na, ɗiyata, daga waje anka kawo shi. Ɗacin nan shi ka kashe zaƙin jini. Tun da Malam ya samai ya aje ƙwayoyin asibiti."

Jama'a abin nan da suga ake dafa shi, sugan ne ma ya fi yawa. Safe da yamma take ba shi da cokali, har a kan gadon asibitin. Na dai samu na ce mata a dakata da shi tunda ana ƙarin ruwa, amma ban iya cewa daga ɗakina ya fito ba.

Washegari na hau mota zuwa Bungudu. Goggo ba ta musa ba, kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne ita ba ta ɗauka ƙarya ta yi ba. Ta ce ai kowa ya san shuwaka da garahuni ake ba mai suga saboda ɗaci, ita da ta ji ɗaci kuma aka ce daga waje yake sai ta ce wa wata tsohuwa ta gwada, tsohuwar ta ce ta ji ƙarfi, shi ke nan magana ta bazu. Na ce ta faɗa mini waɗanda suka saya, ta ce ina za ta iya tunawa, wasu ma sara suka yi suka kai Rawayya da Ruwan Bore. Da na ce zan gaya wa likita sai ta fashe da kuka, ta ce in rufa mata asiri, da tsufanta a ce ta kashe mutane, kuma ita ta shiga ta fita aka yi aurena, da wane ido za ta kalli surukaina. Na kira wanda muka shigo da kayan tare, da ya ji zancen asibiti ya kashe waya, har yau ba ta shiga.

Likita ya matsa a faɗa masa duk abin da Baba yake ci, Inna ta fito da robar. Ya ce a daina nan take, kuma a kai rahoto hukumar abinci don a bi sawun abin. Ban taɓa ganin maigidana cikin irin wannan ɓacin rai ba. Da zai koma Tsafe ya ɗauko robar ya sa mini a hannu.

Ya ce, "Ke kin san 'yan kasuwan nan. Taimake ni ki bincika min wanda ya shigo da wannan abu, in na dawo Juma'a mu kai sunansa tare."

Na ce to. Wallahi to kawai na ce.

Tun ranar ko ƙofa aka buga sai in ɗauka ni aka biyo. Ina tsoron kamu, kaya ba lamba kuma ga mutum a kwance. Ina tsoron aurena, ina tsoron abin da za a yi wa Goggo. Na yi tunanin in kwashe sauran katan-katan ɗin in zubar in yi shiru, to amma na cikin sito ba su ne ke cutar da kowa ba, robobin da ke ɗakunan mutane ne, kuma ba wanda zai karɓo su sai an yi shela an faɗi kamanninsu da hannun da suka bi.

Masu ilimin doka a cikinku, idan na kai kaina da kaina ana sassautawa? In fara gaya wa maigidana ne, ko in fara zuwa hukumar? Akwai hanyar da za a sanar da mutanen Bungudu ba tare da sunan Goggo ya fito ba? Don Allah kada ku tsaya zagina, na san abin da na yi, ku dai faɗa mini ta inda zan fara. Juma'a jibi ce, kuma yau da safe ma na san akwai tsohon da aka miƙa wa cokalinsa ya yi bismillah ya shanye.