Biddy a Bakin Duro

Adelaide, Afrilu 1994

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya gwiwar taka? Mun iso gida lafiya, maigidana Graeme da yara suna gaishe ka. Ranar Lahadi na yi ta bugo waya har hannuna ya gaji, na san ba ka ji ba, shi ya sa na koma takarda.

Na ga irin hararar da ka yi wa kwikwiyar da na ajiye maka. Irin ƙananan karnukan da ake kira ciwawa ce Baba, haka irinsu suke, ko ta tsufa ba za ta fi takalminka girma ba. Don Allah ka saurare ni. Cikinta ɗan mitsitsi ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa, kuma ba ta jure yunwa. Sau huɗu a rana za ka ba ta, cokali biyu-biyu na abincin da na bari, ka jiƙa shi da ruwan ɗumi. Idan ka ga tana layi ko jikinta ya saki, ka shafa mata zuma a dasashi nan take. Sanyi ma kashe su yake yi, a ɗaki za ta kwana.

Ba zan ɓoye maka ba. Tun rasuwar Mama ba na barci mai kyau saboda kai. Likita ya ce mantuwar nan ba raguwa za ta yi ba, kuma gidan kula da tsofaffi da ke kusa da mu yana da ɗaki. Ka ce sai dai a fitar da gawarka daga gonar, na ji. To ga abin da na yarda da shi: idan ka riƙe kwikwiyar nan lafiya har sanyi ya wuce, ba zan sake ta da maganar ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Raelene

Kimba, Mayu

Raelene,

Na samu takardarki. Ina lafiya, gwiwa tana nan inda take. Ki gaishe da Graeme da jikokina.

Wato ni za ki koya wa kare? Tun ba a haife ki ba nake kiwon karnukan tumaki. Kare sau ɗaya yake ci, da yamma, bayan ya gama aiki. A cikin tsohon duron da aka kwantar masa a waje yake kwana, ɗaure. Haka ubana ya yi, haka na yi da Nip da Rusty, ba wanda ya taɓa kai ƙarata. Ke kuma kin kawo mini ɓera mai idanu kin ce in riƙa yi masa hidima kamar baƙon coci.

To bari ki ji, don kada Noreen maƙwabciyata ta riga ni faɗa miki, ta ƙara gishiri. A ɗaki na bar ta, amma abinci na yi yadda na saba. Washegari da hantsi na tarar da ita kwance gefen murhu, kai ya karkace, ƙafafu sun miƙe. Na taɓa ta, sanyi ƙalau. Na durƙusa na ɗauke ta. Na tuna da zumarki, na dangwala na shafa mata, na cusa ta cikin rigata kamar yadda nake yi wa ɗan ragon da uwarsa ta ƙi. Can sai na ji tana lasar yatsana. Na ce mata, “Ke dai an yi raguwar banza.” Ta yi mini atishawa a ƙirji.

Yanzu sau huɗun nake ba ta. Ba don kin faɗa ba, don na gani da idona. Na sa mata suna Biddy. Maganar ɗakin gidan tsofaffin nan kuwa, ki ce su ba wani.

Ubanki, Clarrie

Kimba, Yuni

Raelene 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardar faɗanki ta iso, na karanta wa Biddy, ita ma ta ce ya yi yawa.

Ruwa ya sauka sosai, waɗanda suka karɓi hayar gonar sun gama shukar alkama. Sanyi ya fara cizo. Na yanke safar ulu ta mamanki, na huda wa Biddy ƙofofin hannu, ga ta nan tana yawo a ciki kamar tsohuwa za ta coci. Noreen ta gani ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce, “Clarrie Pfitzner, kai ne da ɗinka wa kare riga? Da matarka Valmai na da rai da ta sume.” Na ce ta bar mini gida.

Kin tambaya ko ina cin abinci. Dole nake ci. Wannan abar ba ta taɓa kwanonta sai ta ga na zauna da nawa. Ina dafa mata ƙirjin kaza in marmasa, ragowar kuma ni. Tun da mamanki ta tafi ban zauna a teburin nan ba sai yanzu. Akwai ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. Kujerarta nake fuskanta.

Shekaranjiya mun fita da a-kori-kura duba tumaki a filin yamma, Biddy na cikin rigata, kanta kawai a waje. Na zaga har shinge ban ga ko ɗaya ba. Ina jin sun tsallaka wajen su Noreen, zan tambayi mijinta.

Ki kula da kanki.
Ubanki

Kimba, Yuli

Raelene ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina gaida maigidan da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna. Na so in bugo miki, amma na san kuka zan yi ta yi ba ki fahimci komai ba.

Kin rubuto kin ce in riƙa leƙa Baba, saboda maganar tumakin da ya ce yana nema alhali an sayar da su tun bara. To ina leƙawa. Ranar Laraba da safe na kai masa miyar kabewa. An yi sanyin da raɓa ta daskare a daren, ciyawa fara fat. Ina tsayar da mota na hango wani abu a bakin tsohon duron Rusty, can gindin bishiya. Raelene, Biddy ce. Sarƙar ta yi mata girma, shi ne ya ɗaure ta da igiyar ɗaurin ciyawa, ɗauri mai kyau irin nasa. Ya zuba mata ruwa a gwangwani, ruwan ya daskare. Ya ajiye mata ƙashin rago wanda ya fi ta tsawo. Ko rigar ba ta jikinta.

Na kwance ta, na cusa ta cikin rigata, na ruga ciki. Yana zaune yana shan shayi, ya yi aski tsaf. Na ce, “Clarrie, me ka yi haka?” Ya ce, “Me na yi? Ta gama aiki na ɗaure ta. Kare a waje yake kwana, Noreen, ke ma kin sani.” Babu ko ɗar a muryarsa. Sai na buɗe rigata ya gan ta. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ya miƙe zai ɗauko zuma, ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya rasa inda take, ga kwalbar a gabansa kan tebur.

Ni na shafa mata, na sa ta a mota na kunna na'urar ɗumama mota har wajen likitan dabbobi. Ya ce da na ƙara jinkiri kaɗan da sai dai labari. Tana raye. Tana wajena yanzu, ta fara cin cokali ɗaya, sai dai tari take yi. Na ce wa Baba in dawo masa da ita, ya ce a'a. Jiya na je, miyar tana nan yadda na ajiye ta.

Ban san abin da zan ce ki yi ba. Ubanki ne, kuma ina ƙaunarsa kamar nawa.

Taki, Noreen

Adelaide, Yuli

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka ci wani abu yau. Noreen ta gaya mini komai. Ban yi fushi ba, tsoro na ji, na kuma ji haushin kaina. Ni na ɗora rayuwarka a kan kwikwiya, kamar wata jarrabawa, bai kamata ba. Na janye sharaɗin. Biddy ba ta mutu ba, kowa yana kuskure. Idan kana son zama a gonar, ka zauna, zan nemi mai zuwa kullum ta duba ka. Ba zan zo in ɗauke ka da ƙarfi ba, na rantse. Abin da ka ce shi za a yi.

'Yarka mai ƙaunarka, Raelene

Kimba, Agusta

Raelene,

Na gode da takardarki. Yau kaina garau yake, shi ya sa nake sauri in rubuta.

Kada ki kira shi kuskure. Da mantawa na yi da ita a waje, da na samu abin faɗa. Ban manta ba. Na tuna yadda na cire mata rigar, na tuna ɗaurin da na yi, na shafa kanta, na shiga na kwanta ina jin na kyauta mata. Mutumin da ya yi wannan ba ya jin maganar kowa, ni ma ba ya jin tawa, kuma ban san ranar da zai sake zuwa ba.

Ki zo ranar Asabar. Kayana ba su da yawa.

Ki tambayi mutanen gidan tsofaffin nan ko suna barin ƙaramin kare, idan akwai wanda zai riƙa sa ido a kan abincinta. In sun ce a'a, Noreen za ta riƙe ta. Amma kada ki gaya mini amsar sai mun wuce shingen gonar.

Ubanki, Clarrie