Tiyon Gas Ɗin da Na Ba Ku, da Bulala Goma Sha Shida

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren da ɗana Nazifi yake aji biyar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ya aiki, ya ɗawainiyar 'ya'yan mutane? Sunana Haladu, ni ne mai ɗura gas a nan Babura. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce min ka fita. To, tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, bari in faɗa a fili kowa ya ji.

Na ɗaya, abin da ya faru. Ranar Laraba waccan malamin Kemistiri ya tsayar da 'yan aji, kowa ya jero sunayen sinadaran alkane goma na farko da ka. Nazifi yana da in'ina tun yana ƙarami, duk makarantar an sani. Ya kawo methane, ethane, propane, butane, pentane, hexane, da ya zo na bakwai sai harshe ya sarƙe. Malamin nan yana da doka: inda ka tsaya, kai za ka lissafa haidirojin ɗin da ke jikin sinadarin, shi ne adadin bulalarka. Lissafin kuwa ka san shi, a ninka kabon sau biyu a ƙara biyu. Heptane kabon bakwai gare shi. Yaro ya rubuta goma sha shida a kan allo, malam ya ce daidai ne, ya ce miƙo hannu. Don Allah, ranka ya daɗe, wanda ya ci lissafin nan shi ne bai iya karatun ba?

Da tiyon roba aka dake shi, mai kilif ɗin ƙarfe a baki. A ta goma sha biyu ya durƙushe yana riƙe da hannu, aka cike masa huɗun a gadon baya da ƙeya. Hoton ƙashi da muka yi a Kazaure ya nuna yatsu biyu na hannun dama sun karye. Rigarsa tana nan da jini, na hana uwarsa ta wanke.

Na biyu, dokar kanta. Ka zauna ka auna ta. Wanda ya kasa tun daga methane bulala huɗu zai sha. Wanda ya yi ƙoƙari ya kai na goma ya yi tuntuɓe, ashirin da biyu. Wato gwargwadon saninka gwargwadon dukanka. Yara ba shashashu ba ne, sun gano. Rabin ajin da an tashe su sai su yi shiru tun a na farko, su karɓi huɗunsu su zauna. Abokansa sun ba Nazifi wannan shawara, ya ƙi, don shi yana son darasin. Abin da son karatu ya jawo masa ke nan.

Na uku, tiyon. Nan ne zuciyata take tafasa. Bara a taron iyaye da malamai kai da bakinka ka ce ɗakin gwaje-gwaje ba gas, yara ba su taɓa ganin an kunna wuta a ciki ba. Na tashi na ba da tukunyar gas cike, da kan da ake kunna ta, da sabon tiyo, ni na ɗaura masa kilif da hannuna. Har yau ba a kunna wa yara ba. Tukunyar tana ɗakin malamai ana dafa shayi, an sa mata wani tiyon, nawa kuwa ya zama dorina. Da aka kwatanta min abin da aka daki ɗana da shi, ja ne mai layin baƙi, wallahi nan take na gane shi. Ni na kai musu.

Na huɗu, ni ban wuce sakandare ba, amma da propane da butane nake ciyar da gidana, su ne a cikin kowace tukunya da nake ɗurawa. A ƙofar shago Nazifi yake mulmula laka ya soka mata tsinke huɗu, ya ce min Baba wannan kabon ne, hannu huɗu gare shi, ba ya sakin ko ɗaya. Shi ya fahimtar da ni cewa gas da fetur da kalanzir da kyandir duk dangi ɗaya ne, jerin kabon ne yake ƙara tsawo, abu ya tashi daga iska ya zama ruwa, daga ruwa ya daskare. Shekara goma sha ina wannan sana'a ban sani ba. In yana wannan bayani ko in'inar ba ta cika kama shi ba.

Na biyar, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da ya shigo gida hannu a kumbure kamar an hura, sifana na ɗauka na hau babur. Niyyata in karya hannun da ya karya na ɗana. Uwarsa ce ta zare makulli, yayana Malam Sale da ya zo daga Kanya Babba ya danne ni a zaure har na huce. Ba alfahari nake yi ba, Allah ne ya kiyaye. Amma a sani, ba kowane uba ne za a samu mai riƙe shi ba.

Yanzu Nazifi ya ce ya bar makaranta, gara ya zauna a shago. Shagon ma in na ɗauko tiyo zan gwada wa mai saye, sai in ga ya ja da baya ya ɓoye hannu. Lakar nan tasa ya tattake ta. Karaya za ta ɗoru, ranka ya daɗe, wannan karayar zuciyar ce nake tsoro.

Ga buƙatuna. A soke dokar nan a gaban ɗalibai. A binciki malamin, hukumar da ke sama da ku ta ji, kuma kada ya sake shiga ajin ɗana da komai a hannu in ba alli ba. Mai in'ina a bar shi ya rubuta amsarsa. Tukunyar a mayar da ita inda na bayar don shi, a kunna wa yara su ga butane da idonsu, sabon tiyo yana wuyana. Tsohon kuma a dawo min da shi, zan yanka shi gida goma sha shida a gaban Nazifi.

Ranar Litinin zan goyo shi da kaina a babur zuwa ƙofar makaranta. Ba zan tura shi ba, ba zan ja shi ba. In ya ga ka fito ka tarbe shi, wataƙila ya sauka.

Allah Ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare 'ya'yanka daga ganin irin wannan rana.

Wassalam.

Haladu mai gas, mahaifin Nazifi,
Babura.