Amfilifayar Da Na Gyara Wa Yayan Mijina Tana Jan Mutum

Assalamu alaikum Goggo Laure. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri. Kwana tara ke nan abinci ba ya shiga bakina sai da ƙyar, waya kuwa in ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, labarin ya iso.

Ni matar aure ce a Gumel, shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana uku. Sana'ata gyaran kayan sauti. Mahaifina Malam Barau, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne tun zamanin rediyo mai bawul, wato waɗannan kwalaben gilashi da ke yin ja in sun ɗauki zafi. Bai samu ɗa namiji da ya so aikin ba, ni ce mai zama kusa da teburinsa ina miƙa masa dalma, har hannuna ya faɗa. Da ya rasu na kwaso kayan aikinsa zuwa ɗakina. Dangin mijina ba su so ba, suka ce ina aka taɓa ganin mace da ƙarfen liƙi. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini, yayan mijina, Yaya Sha'aibu. Shi ya ce a ƙyale ni, ba haram nake yi ba.

Yaya Sha'aibu a Maigatari yake zaune, yana fataucin dabbobi, amma tun yana saurayi ya koyi kaɗa jita a Damagaram, har yau ana gayyatarsa biki shi da abokansa. Wata huɗu da suka wuce ya kawo mini wata tsohuwar amfilifayar jita mai bawul, wato akwatin ƙara sauti, wadda malaminsa na kiɗa ya bar masa. Ta fi shekara ashirin a ajiye, ɓeraye sun yi gida a ciki, takardar lasifikar ta yage. Ya ce an kai ta wurin masu gyara biyu, kowa ya ce a jefar. Ya ce in har akwai mai tashinta, to 'yar Malam Barau ce.

Goggo, ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba. Na share ta, na liƙe lasifikar, na sa aka nemo mini bawul biyu daga Kano, na canza manyan kafasitoci, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, da suka kumbura. Har na yi mata 'yan dabaru don muryarta ta ƙara kauri, irin yadda yake so. Ranar da ya jona jitarsa ya ɗan taɓa tsirkiya, sai da idonsa ya kawo ruwa, ya ce wallahi kamar malaminsa ne ya dawo.

To ga inda na yi ɓarna. Wayar wutarta irin ta da ce, mai baki biyu, babu ta ukun da ke kai wuta ƙasa. Kuma akwai wata 'yar kafasita da aka haɗa daga layin wuta zuwa jikin ƙarfen amfilifayar. Na gan ta, na san tsohuwa ce, amma na ce ai ba ta fashe ba, bari in bar mata kayanta na asali. Fiyus ɗinta kuma ya ƙone, ban samu daidai shi ba, na ɗaure wurin da siririyar waya da niyyar in canza daga baya. Daga bayan nan bai zo ba, don ya matsu ya ɗauki abarsa.

Bayan wata guda ya biyo ta gidanmu, muna gaisawa yake ce mini wani abu na ba shi mamaki. Wai in hannunsa na kan tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirfo, sai ya ji kamar cinnaka ya cije shi. Yana faɗa yana dariya. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, na ce masa laifin janaretan masu biki ne. Ban ko ce ya kawo in duba ba. Gaskiya ban so a ce aikina yana da aibi a gaban mijina ba.

Makon jiya wani abokin Yaya Sha'aibu daga Gagarawa ya aiko da tasa amfilifayar, kusan irin ta Yaya, saboda yabon da ya ji ana yi mini. Da hantsi ne, na gama wanke tsakar ɗaki, siminti bai bushe ba, ƙafata ba takalmi. Na jona ta in ji yadda take, na ɗora hannu a kan ƙarfen. Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a jikin ƙofa, haƙorana sun datse harshena, hannuna na dama ya mutu har kafaɗa. Na daɗe a zaune ina salati. Da na dawo hayyacina na cire ta daga wuta, na sa mita na bi ta a hankali. Wannan 'yar kafasitar ce ta lalace, take zuba wuta a jikin ƙarfen. Irin wadda na bari a cikin ta Yaya, a wuri iri ɗaya.

Tun daga lokacin ban sake samun natsuwa ba. Cizon da Yaya yake ji a leɓe ba janareta ba ne, tasa ce ta fara yoyo. Ran da ta ƙarasa lalacewa wutar za ta bi wayar jita ta hau tsirkiya, ta shiga hannunsa ta fita ta bakinsa, kuma fiyus ɗin da zai yanke ni na ɗaure shi da hannuna. Ga shi nan da kwana goma sha biyu za su yi wasa a wani biki a Sule Tankarkar, a fili, ga damina ta zauna, ƙasa a jiƙe. Shi kuma mutum ne da ke tuɓe takalmi in kiɗa ya yi daɗi.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira shi ina ajiyewa. In na faɗa, ya gane ƙarya na yi masa ran nan. Mijina zai ji, surukata za ta ji, waɗanda suka ce mace ba ta iya ba za su ce ai mun faɗa. Ƙila a hana ni aikin gaba ɗaya, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage mini na mahaifina. Na yi tunanin in ce masa ya kawo in ƙara mata daɗin murya, in gyara a ɓoye ba wanda ya sani. Amma yanzu yana can ƙetaren iyaka wajen sayen dabbobi, ban san ko ya tafi da ita ba, kuma in ban faɗi dalili ba zai ce sai bayan biki.

Ban gaya wa kowa wuta ta ja ni ba. Hannuna har yanzu yana rawa in na ɗauki ƙarfen liƙi, wani lokaci ƙirjina ya riƙa bugawa da sauri. Goggo, ina tsoron in zama sanadin ran mutumin da ya fi kowa yarda da ni. Ya zan yi?

Taki,
Mai Ƙarfen Liƙi, Gumel

Amsar Goggo Laure

Wa alaikumus salam 'yata. Masu karatu su sani, ranar da wasiƙar nan ta iso na tura wa mai ita saƙo cewa ta kira yayan mijinta nan take, kada ta jira fitowar jarida. Na kuma canza sunayen da ke ciki. Ga cikakkiyar amsar.

Tsoronki na rasa sana'a ba shirme ba ne. Na san irin wuyar da mace ke sha kafin a miƙa mata aikin da aka saba ba maza, na kuma san kuskure ɗaya nata ana riƙe shi shekaru. Ban raina wannan ba. Amma ki auna da kanki. In kin faɗa, abin da zai same ki shi ne kunya da surutun dangi, waɗanda ake warkewa daga gare su. In kika yi shiru abin ya faru, ba gyara.

Dabarar karɓo ta a ɓoye ki bar ta. Ke da kanki kin ce ba ki san inda amfilifayar take ba, kuma ba sai ranar biki ake jona ta ba, ana gwaji kafin nan. Ki fara sanar da mijinki yau, a taƙaice, ba tare da kare kai ba. Sannan ki kira yayansa ki ce kada shi ko wani ya jona ta a wuta ko sau ɗaya, akwai haɗarin rai. In wayarsa ba ta shiga, ku hau mota ke da mijinki zuwa Maigatari, ku gaya wa iyalinsa da abokan kiɗansa, in tana gidan ku ɗauko ta. Maganar janareta ma ki warware ta da bakinki, ki ce kin yi kuskure, ki nemi afuwa. Zai iya jin haushi, haƙƙinsa ne. Amma mutumin da ya tsaya miki gaban danginsa zai gane cewa kin zaɓi ransa a kan sunanki.

Na tuntuɓi wani dattijon injiniyan lantarki, ya ce ganewar da kika yi daidai ce. Ya ce a cire wannan kafasitar gaba ɗaya, a sa waya mai baki uku a ɗaure ta ukun a jikin ƙarfen, a sa fiyus na gaskiya daidai ƙarfinta. Ya ja kunne cewa waya ta uku ba ta da amfani in soket ko janaretan wurin bikin ba a haɗa shi da ƙasa ba, don haka ki bayyana wa Sha'aibu wannan, su kuma nemi na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara yoyo. Ke kuma ba aiki a jiƙaƙƙen siminti, ba aiki ba takalmin roba, kuma ki sauke wutar da manyan kafasitoci ke riƙewa kafin ki sa hannu, ko da kin cire fulogi. Tun da hannunki na rawa, ki samu wani mai gyara da kika yarda da shi ku yi tare, ya sa mita ya tabbatar. Sauran tsofaffin kayan da suka bi ta hannunki ma ki tuna su, ki kira masu su a sake dubawa.

Jikinki kuma kada ki yi wasa da shi. Bugun ƙirji bayan wuta ta ja mutum abin zuwa asibiti ne. Ki je gobe, ki faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, a duba zuciyarki da hannun.

Kada ki ajiye aikin nan. Kin iya shi, shi ya sa kika gano ciwon da kanki. Abin da ya rage ki ƙara shi ne ki daina barin gyara sai daga baya, kuma in mai kaya ya kawo ƙorafi ki buɗe ki duba kafin ki ba shi amsa.

Allah ya tsare Sha'aibu, ya ba ki lafiya, ya sanyaya zukatan danginki, ya sa albarka a sana'arki.

Goggo Laure