Na hana a yi wa Kyalla barbarar allura

Laraba, 9 ga Rajab, bayan isha'i. Mairuwa.

Tun jiya Kyalla ke kukan neman bijimi, kuma babu bijimi ko ɗaya a unguwarmu tun da ɓarayin daji suka kwashe garkunan. Ita kaɗai ta rage mini, jikar saniyar da marigayiya matata Hajiya Rabi ta bari.

Malam Sani, malamin dabbobi, ya zo da hantsi da irin bijimi na barbarar allura a cikin tulun sanyi. Sai na tuna abin da na ji a rediyo, wai a ƙasashen waje ana gyara ƙwayar halittar bijimi a haifi maraƙi ba ƙaho. Na ce masa ba na so. Duk zuri'ar Kyalla ƙahon hagu a karkace yake, da shi nake gane su a kowace kasuwa.

Ya yi dariya. "Baba, wancan bai iso ko Funtuwa ba. Wannan irin bijimi ne kawai. Kuma zuwa gobe lokacinta ya wuce, ba za ta karɓa ba."

Na ce a'a. Ni da na karanta kimiyya a makarantar midil! Ya ɗaure tulunsa a babur, ya ce hanya ba kyau, bai san ranar dawowa ba.

Yanzu na gane. Na tsaya tsaron ƙaho, maraƙin ma ba za a samu ba. Ta tsufa, haƙoranta sun zube kamar nawa.

Tana can a turke tana kira. Babu mai amsawa.