Jan Romon Madam

Talata, 28 Nuwamba 2006

Yau Oga ya shigo kicin. Tun da Madam ta rasu a watan Maris bai tsallako ƙofar nan ba, daga falo yake kira, "Dogara, shayi." Ya tsaya kusa da firij yana jujjuya makullin mota. Ya ce 'yarsa Karen za ta zo daga Kanada ranar ashirin da biyu su yi Kirsimeti tare. Yana son gasasshiyar cinyar rago da jan romon nan na kiranberi da Madam ke shafa mata, mai sa nama ƙyalli.

Na ce to.

Shekara ashirin da huɗu ina dafa musu abinci, sha tara a Kaduna, biyar a nan Doha. Amma romon nan ban taɓa ganin yadda ake haɗa shi ba. Shi kaɗai ne Madam ke korata daga kicin ta yi da hannunta. Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 30 Nuwamba

Na samo kiranberi a babban kanti, cikin leda, a daskare. Jajaye ne, ba su wuce girman magarya ba. Na ciji ɗaya a mota, tsami da bauri suka kama mini baki har na yi hawaye. Direban tasi, ɗan Nepal, yana ta dariya. Shi kaɗai na yi magana da shi yau.

Juma'a, 1 Disamba

Ruwan sama tun bayan Juma'a. An ce yau ake buɗe wasannin ƙasashen Asiya, gari ya cika da tutoci. Mu a unguwarmu ta Madinat Khalifa shiru. Oga yana sama, ni ina ƙasa, agogon falo a tsakaninmu.

Lahadi, 3 Disamba

Gwaji na farko. Na bi abin da aka rubuta a bayan leda: kiranberi, sukari, ruwan lemu. Da suka ji wuta sai suka fara fashewa, tas, tas, kamar gugguru. Na tace da rariya, na mayar kan wuta har ya yi kauri yana manne wa bayan cokali. Na shafa wa guntun nama tun kafin in sa a oben. Kuskure. Sukarin ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gida, ƙararrawar gobara ta kama ihu.

Oga ya leƙo daga bene ya ce, "Lafiya?" da Hausa. Rabon da in ji Hausa a bakinsa tun ranar da ya dawo daga jana'iza.

Laraba, 6 Disamba

Yanzu na gane, sai nama ya kusa nuna ake shafawa. Sau uku, minti bakwai-bakwai. Ya fito da kyau, har ina ganin fitilar kicin a jikinsa.

Oga ya yanka, ya tauna a hankali, ya ajiye wuƙa. "Yana da daɗi, Dogara. Amma ba shi ba ne."

Na ce me ya rage? Ya ce bai sani ba. Ya ce nata yana ɗumama maƙogwaro bayan an haɗiye. Ya tashi ya bar sauran. Na ci a tsaye, ina kallon bango.

Asabar, 9 Disamba

Na ƙara kirfa. Ba shi ba ne.

Litinin, 11 Disamba

Na kira 'yata Shetu. Minti biyu. Baba ina wuni, lafiya lau, ya yara, lafiya lau, ya sanyi, da godiya. Sai shiru, har na ji kukan akuya a bayanta. Na ce to sai an jima.

Haka muke tun rasuwar mahaifiyarta. Lokacin da jikin matata Ajaratu ya yi tsanani, shekara biyu ke nan, Shetu ta kira ni sau uku ta ce in taho. A lokacin an yi wa Madam aikin tiyata na farko, ba abin da ke zama a cikinta sai kunun da nake dama mata. Na ce bari ta ɗan miƙe, mako guda kawai. Na isa Kaduna ranar sadakar bakwai. Shetu ta kalle ni a zaure ta ce, "Baba, ka iso?" Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ban san abin da ya sa na rubuta wannan yau ba.

Alhamis, 14 Disamba

Yusif mai kawo tulun gas ya zo. Mutumin Kumasi ne, sa'ana ne ko ya girme ni kaɗan, a Sanaiya, unguwar masana'antu, yake kwana. Hausarsa ta Zango ce, kowa "shi" ne a wurinsa, har mace. Sau ɗaya a wata nake jin yarena a cikin gidan nan, shi ma a bakin ƙofar baya.

Na ba shi gwaji na biyar a kan burodi. Ya lasa, ya ɗaga kai yana nazari. Ya ce, "Malam Dogara, wannan ai sobolo ne da bai ji citta ba."

Na ce mene ne sobolo? Ya ce, "Zobonku mana."

Ya ɗauki tulunsa ya ce yalla, bari ya wuce, aiki na jira, ya tafi. Ni kuwa na zauna a kan buhun shinkafa ina tunani. Duk Disambar duniya a Kaduna, Madam takan aike ni kasuwa in sayo mata zobo, da citta, da kanumfari. Kuma babu mai shan zobo a gidan. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina ina yake zuwa ba. A ina ma za ta sami kiranberi a Kaduna a wancan zamani?

Juma'a, 15 Disamba

Bayan masallaci na wuce tsohuwar kasuwa. Wani ɗan Sudan yana da zobon buhu guda, karkade suke ce masa. Na tsoma hannu na shinshina. Ƙamshin ɗakin Ajaratu ne a watan azumi, lokacin da take ƙulla shi a leda yara su kai bakin titi. Mutumin ya ce, "Ya Hajji, lafiya?" Na ce barkonon maƙwabcinsa ne ya shige mini ido.

Talata, 19 Disamba

Bari in rubuta kada in manta.

Zobo cikin tafi biyu, a jiƙa a ruwan zafi har ruwan ya yi ja kamar zai koma baƙi. A tace. Citta ɗanya kamar babban yatsa, a daka. Kanumfari huɗu, kada a wuce huɗu, na gwada shida ya zama magani. Zuma maimakon sukari. Ruwan lemu ɗaya da ɗan ɓawonsa. Kiranberi kofi guda, don shi ke kawo kauri, ina jin haka Madam ke yi tun da muka zo nan. Wuta kaɗan-kaɗan, a yi ta juyawa. In ka ja yatsa a bayan cokali hanyar ta tsaya ba ta rufe ba, ya yi.

Na kai masa da rana. Ya ci loma ɗaya. Ya ci ta biyu. Ya cire tabarau ya ajiye a gefen faranti, ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suna rawa.

Na tsaya riƙe da tire. In fita ne, in tsaya ne? Shekara ashirin da huɗu, ban san abin da ake ce wa mutumin nan ba in ba "to, Oga" ba. Na ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ya gyaɗa kai bai ɗago ba.

Ya cinye duka.

Laraba, 20 Disamba

Ban faɗa masa zobo ne ba. Sirrinta ne.

Juma'a, 22 Disamba

Karen ta iso. Tana ajiye jaka ta nufo kicin, "Baba Dogara! Ina gajiya?" Hausar yaran Kaduna, ba ta zube ba. Yarinyar da nake ɗorawa a kafaɗa ta tsinki mangwaro, ga ta da furfura biyu a goshi. Ta tambayi Shetu, tare suka yi wasan 'yar carafke. Na ce tana lafiya, 'ya'yanta uku. Ta ce sunayensu? Na faɗi biyu. Na uku sai da na yi jim.

Da yamma na ji su a falo. Tana cewa ya isa haka, ya ajiye aiki ya koma gida kusa da ita. Shi yana cewa gida ina? Na kunna famfo don kada in ji sauran.

In ya tafi, zamana ya ƙare. Kamfaninsu ne kafil ɗina, mai tsaya mini a takardar zama, saboda shi.

Litinin, 25 Disamba

Cinyar ta yi awa biyu da rabi. Na shafa sau uku, na bar ta ta huta kafin in yanka. Ban taɓa fitar da nama mai kyan wannan ba.

Karen ta kai loma baki, ta tsaya, ta juyo ta kalle ni. "Baba Dogara, wa ya faɗa maka?" Oga ya ce faɗa masa me? Ta ce, "Daddy, zobo ne. Tun ina 'yar shekara goma na sani. Mama ta sa na yi rantsuwa." Wai shekarar farko a Kaduna Oga ya yi ta ƙorafin Kirsimeti ba kiranberi, sai Madam ta haɗa wannan ta ce daga Kanada aka aiko. Ya yaba har ta kasa faɗa masa gaskiya.

Oga ya ajiye wuƙa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa tari. Yana bubbuga tebur yana cewa shekara ashirin da huɗu, shekara ashirin da huɗu! Ya ja kujerar da ke gefensa ya ce in zauna. Na ce akwai wanke-wanke. Karen ta ce, "Haba Baba." Na zauna a bakin kujerar. Ban iya cin kirki ba, cokali mai yatsu yana ta ƙara a faranti.

Da na koma kicin sai na ji gidan ya fi da girma. Su biyu ne, suna da wadda za su tuna tare.

Laraba, 27 Disamba

Ya sake shigowa kicin. "Dogara, khalas, an gama. Ƙarshen Fabrairu zan tafi." Ya ce kada in damu, ya yi magana da wani abokinsa, iyali ne masu yara biyu, suna neman kuku, za a mayar da takarduna wurinsu. Ko kuma in ina son gida, tikiti yana nan. In yi tunani.

Na ce zan zauna. Da sauri na faɗa, har ya kalle ni.

Me zan je in yi a Kaduna? In zauna a zaure ana gaishe ni kamar baƙo?

Alhamis, 28 Disamba

Karen ta tafi. Ta kwafi yadda ake romon a takarda, ta rubuta sunana a sama. Na ce ta goge ta sa na mahaifiyarta. Ta sa duka biyu.

Asabar, 30 Disamba

Babbar Sallah. Yusif ya biyo da motar gas bayan Idi ya ce ba zai bar ni in ci Sallah da firij ba. Muka tafi Sanaiya. Su tara suka haɗu suka yanka rago ɗaya a bayan wani gareji, 'yan Kano, 'yan Sakkwato, 'yan Kumasi, masu gadi da direbobi. Na tafi da sauran romon a kwalba. Wani Basakkwace, Shehu, ya ce shi ba a sa wa namansa alewa. Daga baya shi ya kankare kwalbar da yatsa.

Da aka ci aka ƙoshi kowa ya ja gefe da wayarsa. Wannan yana "a ba ni Hajiya", wancan yana "ka sa sabuwar rigar?" Na zauna a kan tsohuwar taya ina juya garwashi. Yusif ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ɗiyarka fa, ba ka kiran shi?" Na ce layi ya cushe yau. Ya ce nasa yana shiga, ya miƙo mini.

Na karɓa don kada in ba shi kunya.

Lahadi, 31 Disamba

Jiya ban rubuta sauran ba.

Bayan barka da Sallah shiru ya zo kamar kullum. Don in cike shi sai na ba ta labarin zobon Madam. Ta yi dariya. Muryar uwarta sak. Ta ce, "Ai Inna ce ta koya mata sa kanumfari. Ina nan a tsakar gida ranar." Ban san wannan ba. Abubuwa nawa ne ban sani ba?

Na ce, "Shetu, da na taho lokacin da kika kira." Haka kawai ya fito. Sannan ta ce, "Inna ta ce kada mu riƙe ka a rai, Baba. Ni ce na kasa."

Muka yi shiru, amma ba irin na da ba.

Na faɗa mata Oga zai tafi, ni kuma an samo mini wani gida a nan. Ta ce to. Can ta ce ɗakin da ke kusa da zaure babu kowa a ciki, buhunan masara ne kawai, Masahudu mijinta yana ta cewa zai kwashe.

Ban ce zan zo ba. Mutanen nan masu yara biyu suna jirana ranar Talata, kuma zan je in gan su, na riga na yi alkawari.

Na dai tambaye ta ko tagar ɗakin tana rufuwa da kyau.